Murya Ma Tana Bukatar Isnadi

 

Maganar yau ta taso ne daga wata ɗabi'a ta waɗansu mutane na nesa, watau masu sha'awar kiɗan nan da a ke kira jaz. Kada malami ya ji an ambaci kiɗa ya naɗe takarda tun bai kai ƙarshe ba, gama inda maganar za ta sauka a zaurensa ne. Shi jaz kiɗa ne na Baƙaƙen Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, ya kuwa tashi ne a wajen birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20. Mabushinsa ko makaɗinsa ba ya maimaita abin da ya yi jiya. Akwai karin da kowa ya sani, a kansa a ke tashi, amma abin da zai biyo baya nan take a ke ƙaga shi, gwargwadon abin da ya zo wa mutum a zuci, da yadda abokan kiɗansa suka amsa masa, da irin jama'ar da ke zaune gabansa. Saboda haka masu sha'awarsa, in sun haɗu suna yi wa juna nunin faifan da ya kamata a nema, da yawa daga cikinsu sun fi girmama wanda aka ɗauka da dare a ƙaramin gidan wasa, jama'a na zaune, ana jin tari da tafi da motsin kujera, wanda kuma wani ɗan kamfani mai zaman kansa ya buga, bisa wanda aka shirya aka goge a ɗakin ɗaukar murya na manyan kamfanoni.

Ba abin ɓoyewa ba ne, gidajen nan a kan sayar da giya a cikinsu, ba kuwa wurin zaman Musulmi ba ne. Hukuncin kiɗa kansa kuma malamai sun daɗe suna saɓani a kai. Imamu Gazali ya keɓe wa saurare babi guda a cikin Ihya'u ya rarrabe halayensa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuwa ya tsananta a kan kaɗe-kaɗen banza na zamaninsa. Wannan fili bai isa ya yanke abin da manya suka yi saɓani a kansa ba, kowa ya koma ga malaminsa. Abin da a ke so a duba shi ne yadda mutanen nan su ke riƙon amanar labarin abin da su ke saurare.

Mai son jaz ba ya ce wa ɗan'uwansa ya nemi faifan wane, ya yi shiru. Sai ya faɗi gidan da aka ɗauka, da daren, da watan, da shekarar, da wanda ke kan ganga, da wanda ke busa, da wanda ya riƙe na'ura, da kamfanin da ya buga. Duk wannan a rubuce ya ke a bayan kwalin faifan, in kuwa aka yi kuskuren rana ɗaya, sai masana su yi ta bincike har a gyara. Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malamin hadisi ya san sunan wannan abu: isnadi ke nan. Musulmi ne suka kai shi matuƙa tun fiye da shekara dubu, suka ƙi karɓar magana sai an san daga bakin wa ta fito, ta hannun wa ta biyo. Abin kunya ne a ce yau masu sauraron kiɗa a Amurka da Japan sun fi jikokin masu wannan ilmi kula da shi.

Ga misali. A 1939 wani mutumin Jamus mai suna Alfred Lion, wanda ya yi ƙaura zuwa Niyok, ya kafa ɗan kamfani mai suna Blue Note. Ran 21 ga Fabrairu 1954 kamfanin ya kai na'ura wani gida da a ke kira Birdland, aka ɗauki ƙungiyar makaɗin ganga Art Blakey, wanda ya musulunta ya ɗauki sunan Abdullahi Ibn Buhaina. Har muryar sanƙiran da ya gabatar da su aka bari a cikin faifan. Saurayin da ya busa ƙaho a daren, Clifford Brown, ya rasu a haɗarin mota a 1956 yana da shekara 25.

Na 1961 ya fi wannan ban tausayi. Akwai wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa a Niyok mai suna Village Vanguard, an buɗe shi tun 1935, ba ya ɗaukar fiye da mutum ɗari da 'yan kai. Ran Lahadi 25 ga Yuni 1961 wani ɗan kamfani mai suna Riverside, ƙarƙashin kulawar Orrin Keepnews, ya ɗauki Bill Evans mai kaɗa fiyano da abokansa biyu, da rana da kuma dare. A cikin faifan ana jin mutane suna hira, kofuna suna ƙara, ba wanda ya san darajar abin da ke gudana gabansa. Bayan kwana 11, ran 6 ga Yuli, ɗaya daga cikin ukun, Scott LaFaro, mai tsinkar ƙaton gogen nan da a ke tsayarwa a ƙasa, ya rasu a haɗarin mota, shi ma yana da shekara 25. Mutanen uku ba su sake haɗuwa gaban na'ura ba. Kamfanin Riverside kansa ya karye a 1964, amma zaren da aka ɗauka yana nan da ranarsa a rubuce, ya koma hannun waɗansu, aka ci gaba da bugawa. Daga baya har aka fitar da dukkan abin da aka ɗauka ran nan bisa jeri, har da wurin da wuta ta ɗauke kiɗa ya yanke, ba a ɓoye ko wannan ba.

'Yan kasuwa ba su bukatar a yi musu dogon bayani kan dalilin da ya sa ƙananan kamfanoni ne suka fi yin wannan aiki. Babban dillali yana zaune a birni yana jiran abin da zai sayu buhu dubu. Ɗan tireda mai bin kasuwannin ƙauye shi ya san gonar da gerenta ya fi kyau, shi kan je bakin rumbu ya saya, ko da mudu ashirin ne. Haka masu ƙananan kamfanonin nan su ke, su kan san makaɗi tun bai yi suna ba, su ɗauki na'ura su bi shi inda ya ke. Hannunsu ma ya taɓo ƙasar nan: Yusef Lateef, mabushi Musulmi daga Amurka, ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana nazarin sarewa, faifan da ya ɗauka a Ikko a 1983 kuwa wani ɗan kamfani mai suna Landmark ya buga shi a 1985, na Keepnews ɗin nan ne dai.

Akwai kuma wanda ya yi aikin rabi da rabi. Wani mai suna Dean Benedetti ya riƙa bin mashahurin mabushi Charlie Parker gidajen wasa a 1947 da 1948 da 'yar na'urarsa. Sai dai in Parker ya fara busa ya kunna, in wani ya karɓa ya kashe. Abin da ya bari guntaye ne ɗaruruwa, ba kai ba gindi. Ya rasu a 1957, kayan suka zauna hannun danginsa, sai a 1990 kamfanin Mosaic ya buga su, bayan masana sun sha wahala wajen gano wane guntu ne na wane dare. A riƙe labarin wannan mutum, za a bukace shi nan gaba.

To, a komo gida. Ƙasar Katsina ta haifi mutumin da ya fi kowa dacewa da wannan magana, watau Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, ya rasu a 1999, aka rufe shi a Daura. Kowa ya san Shata ba ya zama a ɗaki ya tsara waƙa. Kalangu na tashi ya ke ƙaga ta, yana duban fuskokin waɗanda ke fili, in wani ya shigo sai ya shiga cikin waƙar. Bakandamiyarsa ma ba iri ɗaya ba ce, ta wannan wuri dabam, ta wancan dabam. Faifan garmaho na da kuwa bai fi minti uku a kowane gefe ba, ina wannan zai ɗauki mutumin da kan yi rabin sa'a a kan amshi guda? Shi ya sa masu sanin Shata, in sun zauna a rumfar kasuwa suna gardamar wane kaset ya fi, ba su cika kawo na kamfani ba. Na biki su ke nema, ko na wasan fili, inda a ke jin 'yan amshi suna karɓa, sanƙira yana shelar wane ya ba da riga wane ya ba da doki, mata suna guɗa daga cikin gida. Ra'ayinsu da na masu son jaz ɗaya ne, ko da ya ke ba wanda ya san da wani.

Su wa suka ɗauki waɗannan? Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya ɗauki da yawa. Sauran kuwa aikin talakawa ne. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, a shekarun 1970 ya cika kasuwannin Arewa, sai ya zama duk ɗan kasuwa ko direba ko ma'aikacin da ya sami hali ya sayi rakoda, ya rataya ta a kafaɗa ya tafi biki. Masu shagon kaset na Kano da Funtuwa da Katsina da Zariya su kan karɓa su juya a waɗansu kasakasai su sayar. Waɗannan su ne ƙananan kamfanonin ƙasar Hausa, sun kuwa cancanci yabo, gama ba domin su ba da muryoyi da yawa sun bi iska. Narambaɗa na Isa, wanda ya rasu kafin kaset ya yaɗu, ai kaɗan ne daga waƙoƙinsa suka rage da muryarsa.

Amma sun bar abu guda, shi ne rubutu. Galibi sunan mawaƙi kaɗai a kan sa a jikin kaset, wani lokaci da sunan wanda aka yi wa waƙar. Ba gari, ba shekara, ba sunan mai kalangu, ba sunan wanda ya riƙe rakoda. Waƙar Shata ta Kumbo Apollo ita ta faɗi zamaninta da kanta, tun da kumbon bai tafi wata ba sai 1969. Sauran fa? Sai mai bincike ya bi sunayen da aka ambata, ya duba wane muƙami wane ya ke riƙe da shi sa'ad da aka kira shi, kana ya yi kirdado. Waɗanda suka rubuta tarihinsa, Shata Ikon Allah, da aka buga a 2006, sai da suka bi tsofaffi da makaɗansa suna tambaya, waɗannan tsofaffi kuwa kullum raguwa su ke yi. Abin da layi biyu na alƙalami zai tsare ran da aka ɗauka, yau shekara guda ta yawo ba lalle ta samo shi ba.

Malami zai ce wannan matsalar maroƙa ce, ba ruwansa. To, ga tasa, ta kuwa fi nauyi. Babu abin da aka ɗauka a bainar jama'a a ƙasar nan da ya kai karatun malamai yawa. Tun 1967 rediyon Kaduna ya fara watsa tafsirin Shaihu Abubakar Gumi daga masallacin Sultan Bello. Tafsirin Shaihu Nasiru Kabara na Kano, wanda ya rasu a 1996, da na Shaihu Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka kashe a 2007, Allah ya jiƙansu baki ɗaya, duk a majalisi aka ɗauke su. Daɗinsu kuwa daga nan ya ke. Ana jin mai jan baƙi ya ja, malam ya tsayar da shi ya fassara, wani ya miƙo tambaya, jama'a su yi kabbara, malam ya yi raha ya komo kan aya. Karatun da mutum ya zauna shi kaɗai gaban na'ura ya yi ba ya kama zuciya haka. Masu sayar da kaset a ƙofar masallaci ma sun fi takwarorinsu na waƙa kulawa, sau da yawa su kan rubuta sura da azumin shekarar.

Da wayar hannu ta zo, ko wannan ɗan rubutun ya faɗi. Yanzu guntun minti ɗaya ke yawo daga waya zuwa waya, ba a san ranar ba, ba a san garin ba, ba a ji tambayar da ta jawo amsar ba. Alhali kowane ɗalibin fiƙihu ya san fatawa tana tafiya da halin mai tambaya da zamaninsa. Wani lokaci malami yana kawo maganar waɗansu ne domin ya rushe ta, sai a yanke wurin da ya kawo, a zubar da wurin da ya rushe, a jingina masa abin da ya ƙi. In yana raye ya fito ya yi bayani, in ya riga mu gidan gaskiya sai almajiransa da na wani su kama faɗa a kan abin da bai faɗa ba. Benedetti ya yanke ne domin ƙaunar ubangidansa da tsimin faifai, duk da haka ya bar wa na baya wahala. Ina ga wanda ya yanke da gangan domin ya haɗa Musulmi? Mai tura irin wannan guntu ba tare da ya san asalinsa ba ya zama mai ruwaya daga wanda ba a sani ba, malaman hadisi kuwa sun gaya wa kowa matsayin wannan ruwaya.

Akwai kuma abin da ba a ɗauka ba sam. Manyan malaman birni sun sami masu rakoda, alarammomin ƙauye ba su samu ba. Karatun tsangayun ƙasar Hausa bisa ruwayar Warshu ya ke, da karinsa na gado. A Masar Shaihu Mahmud Halil Husari ya ɗauki Alƙur'ani sukutum a 1961 bisa ruwayar Hafsu, daga baya ya ɗauki ta Warshu. A nan kuwa, tun da makarantun Islamiyya suka yawaita, aka kuma fara musabaƙar ƙasa a Sakkwato a 1986, Hafsu ta shiga kunnen yara, ba kuwa laifi, dukkansu ruwayoyi ne ingantattu. Sai dai yadda gwani ya ke karɓar darasu, gardi ya kawo allo ya ja, a tsayar da shi a kan wasali guda, a kawo masa 'yan'uwan ayar daga surori dabam-dabam da ka, wannan ba ya cikin littafi. Haka musaffa, in alarammomi sun jeru suna karɓa daga bakin juna. Abu ne na majalisi, in majalisin ya watse ya tafi. Ga shi kuwa a shekarun nan 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a yammacin Katsina, wajen Batsari da Safana da Ɗanmusa, masifar ta taɓa Kurfi da Dutsin-Ma. Wanda ya gudu da dare da 'ya'yansa ba ya tsayawa ɗaukar akwatin kaset, tsangayar da ta watse kuma ba lalle ta sake haɗuwa yadda ta ke ba. Ko inda a ke zaune lafiya, zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura da laimar damina, ya kan manne ko ya yi fumfuna, rakodar da za ta juya shi ma sai an yi cigiya.

Wani zai ce ɗaukar malami a na'ura ƙofar riya ce, in ya san ana ɗauka sai ya gyara murya. Maganar tana da ƙanshin gaskiya, amma hujja ce ga majalisi. Wanda aka kai ɗaki aka ajiye masa na'ura shi ya fi kusa da gyara murya. Wanda ke zaurensa kan buzunsa, almajiransa na gabansa kamar kullum, minti kaɗan zai manta da ita. Wani kuma zai ce kukan akuya da hayaniyar yara za su shiga. Su shiga mana. Su ne shaidar cewa ba a taɓa komi ba, kamar ƙarar kofunan nan na 1961.

Aikin ba na gwamnati ba ne tukuna, na masu tura karatu da waƙa a waya ne, irin waɗanda ke zama da kwamfuta a kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma, da na duk almajirin da ke da waya a aljihu. Hanyar ma ba baƙuwa ba ce. Marubutan da, in sun gama kwafar littafi, su kan sa sunansu a ƙarshe da sunan mai littafin, wani lokaci da rana da wata. Mai ɗaukar murya ya yi haka da bakinsa kafin a fara: ya faɗi rana da wata da shekara, ta Hijira da ta Miladiyya, da gari, da zauren, da sunan malam da na mai jan baƙi, da nasa, da littafin da a ke karantawa da inda aka tsaya jiya. Sunan da aka rubuta a waya ya kan ɓace a turi na uku, wanda aka faɗa da baki kuwa yana cikin muryar, sai mai mugun nufi ne zai cire shi, in kuwa ya cire, cikakken na nan a hannun waɗansu ya ƙaryata shi. Kada kuma a kashe na'ura a tsakiyar tambaya domin tsimin wuri.

Sa'an nan akwai haƙƙi. Ƙananan kamfanonin Amurka ma ba waliyyai ba ne, makaɗa da yawa sun yi kukan abin da aka ba su bai taka kara ya karya ba. Kada a kwaikwaye su a nan. A nemi izinin malami kafin a ɗauka, in ya ƙi a bari. Wanda zai sayar da muryar mamaci, malami ne ko mawaƙi, ya san tana da magada, ya neme su a yi magana. Ɗan kasuwa kada ya ɗauka hasara ce. Goron da aka san ƙasarsa ya fi wanda ba a sani ba kuɗi, mai rumfar da aka san ba ya tura guntu, ba ya tura abin da bai san asalinsa ba, shi masu hankali za su riƙa nema.

Tsofaffin kasakasai da ke cikin adaka kuwa, tun mai su yana da rai ya kamata a zaunar da shi a kunna masa ɗaya ɗaya, a tambaye shi bikin wane ne wannan, a wane gari, wace shekara, zamanin wane hakimi, a rubuta ko da ajami ne a liƙa a jiki, kana a juye muryar a kwamfuta. Kwafi ɗaya ya zauna gida, ɗaya wurin ɗan'uwa a wani gari, na uku kuma a miƙa wa masu nazarin Hausa da tarihi, ko a jami'ar tarayya da aka kafa a Dutsin-Ma a 2011, ko a Gidan Arewa na Kaduna.